Takwaran Hambali

Tun da aka kafa dokar fara gwada maganin kowane mai ciwon daji a jikin ɓeraye, Hambali manomin shinkafa ya samu ɓeraye huɗu takwarorinsa a asibitin garinsu. An dasa wa kowane ɓera ɗan yankin ƙarin da ke cin mafitsarar Hambali, kowanne da irin maganin da ake ba shi.

Ranar jin sakamako matarsa Lantana ta raka shi. Likita ta fito da keji, da ɓera ɗaya a ciki, tana murmushi.

"Baba, albishirinka! Wannan ya warke sarai. Maganinsa za mu ba ka."

Lantana ta rangaɗa guɗa, masu jiran layi suka taso suna barka. Hambali, da ya daɗe yana fitsarin jini yana ɓoyewa, ya kasa riƙe hawaye.

"Sauran ukun fa, likita?" in ji Hambali.

Likita ta gyara murfin kejin. "Ku tafi da wannan gida. Kullum ku shimfiɗa masa farin ƙyalle, ku riƙa dubawa ko za ku ga jini."

A mota Lantana ta ɗora kejin a cinya tana ɓare wa ɓeran gyaɗa.

"Malam," in ji ta, "yau kyanwar nan za ta bar mana gida."