Mai Gadin Filin da Motoci Suka Daina Zuwa

An yi wani dattijo mai gadin filin ajiye motoci a tsakiyar birni. Da aka kwashe ofisoshin wurin aka kai su wajen gari, motoci suka bi su, aka bar shi da kwalta shimfiɗe da fararen layuka. Da rana tsaka yakan zauna a bakin ƙofa yana kallon zafi na rawa a kan kwaltar kamar ruwan tafki, har gyangyaɗi ya ɗauke shi. Wata rana wata mata ta roƙe shi wurin shanya barkono, don tsakar gidansu ba ta samun rana. Ya ba ta gurbin mota ɗaya. Maƙwabciyarta ta zo da kuɓewa, wata da yankakken tumatir, kowace ta tsaya cikin layinta ba mai shiga na wata. Wani masaƙi da gine-gine suka cinye masa fili ya miƙe zarensa daga bango zuwa bango. Mai shayi ya kafa tebur, tsofaffi suka kawo dara. Da la'asar in dattijon ya lumshe ido, sai ya ga filin kamar zanen gado, ja da kore da fari, iska na yawo da ƙamshin citta.

Sai labari ya zo cewa hukuma za ta turo a duba wurin, a ga ko yana da sauran amfani ko a sayar. In aka sayar, aikinsa ya ƙare, unguwar kuma ta rasa inda take shan iska. Shi a saninsa, mai gadin kirki shi ne wanda manya suka zo suka tarar da wurinsa fes. Don haka ya sallami kowa, ya share har ƙwayar barkono ta ƙarshe, ya sa kakinsa ya ƙame a ƙofa. Masu dubawa suka zagaya, ba su ji komai ba sai ƙarar takalmansu. Shugabarsu ta ce, "Baba, ka yi ƙoƙari. Amma wurin nan ba mai bukatarsa." Suka tafi, ya tsaya riƙe da tsintsiya, ya gane da hannunsa ya share hujjarsa.

Washegari ya bi gida gida yana ba da haƙuri. Mai barkono ta ce, "Jiya ka kore mu kamar kaji, yau kuma ka zo da tsaba?" Ta yi dariya, ta ɗauko buhunta. Ranar da aka dawo auna filin don sayarwa, ba a sami inda za a ja igiyar awo ba sai an taka shanyar wata ko an tsallake zaren masaƙi. Shugabar ta daɗe tana kallo, aka miƙo mata shayi, ta nemi benci ta zauna. Ba a yi awon ba. Daga baya aka fasa kwalta ta gefe aka dasa darbejiya, aka bar wa unguwa filin, dattijon kuma aka bar masa ƙofarsa, sai dai yanzu buɗewa ce aikinsa. Shi ya sa Hausawa suka ce, mutane ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba.