Haƙorin Rijiyar Rafin Gora

Shekara goma ke nan rabon Unguwar Maƙera da ƙira da guduma. Yanzu tartsatsin lantarki ke sassaƙa ƙarfe a cikin kwamin mai, babu abin da ke taɓa shi.

Da hantsi Kubura ta tsamo haƙorin injin haƙa rijiya da ta yi kwana uku tana yankawa. Mutanen Rafin Gora shi suke jira, don dutse ya cinye musu haƙora huɗu.

Kakanta, Sarkin Maƙera Tanimu, ya jawo tsohuwar gudumarsa. A gidansu ƙarfe ba ya fita sai an buga shi sau uku an ji muryarsa.

"Ajiye ta, Kaka," in ji Kubura. "Wannan ya fi dutse tauri, amma guduma za ta fasa shi kamar tangaran."

"Amarya, ƙarfen da ke tsoron guduma za ki aika wa mutane?"

"Naku masu jure guduma ai su dutsen ya cinye. Mutane na shan ruwan kududdufi, mu muna zaune muna sauraron ƙarfe."

Tsohon ya dubi tafin hannunsa, sumul babu kanta ko ɗaya. Ya ƙwanƙwasa haƙorin da zobensa sau uku, ya kara a kunne.

"Bai ce komai ba," in ji tsohon.

"Zai faɗa."

Aka tafi da haƙorin Rafin Gora. Da la'asar mahaƙa suka kira. Kubura ta kara masa wayar. Ya ji gurzar dutse, can sai guɗar mata.

"To," ya ce, "yanzu na ji muryarsa."