Sakatar Ɗakin Akuyoyi

Sabitu ba ya duban fuskar mai kaya, ƙarfen yake kallo. Shekara ashirin ke nan yana zaune a shagonsa kusa da barikin Shadawanka, yana yi wa tarkacen tsofaffin bindigogin Yaƙin Bama, na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, kuɗi: kunama, gidan harsashi, ƙota. Iyalan tsofaffin sojoji su kawo, ya jujjuya, ya taɓe baki, ya ce ƙarfen banza ne, sai dai a auna a kilo. Bayan sati ya sa hoton a waya, masu tara kayan tarihi su saya da tsadar gaske. Shi a wajensa wannan ba cuta ba ce, ilimi ne.

A bangon shagon akwai wata doguwar bindiga da aka toshe bakinta da walda tun da daɗewa. Ko tsuntsu ba za ta kashe ba, amma ta asali ce, lambarta 4471, a ƙotarta kuma wani ya sassaƙa E.M. da wuƙa. Shekara takwas da suka wuce ya saye ta dubu uku, shi kansa ya manta a hannun wa. Aibinta ɗaya: ba ta da sakata, wato ƙarfen nan da ake ja baya a tura harsashi.

Ran nan saƙo ya shigo wayarsa daga wani Elisha, mai tara kayan yaƙi a Abuja. Ya ga hoton bindigar. Idan aka samo sakatarta ta asali, mai lamba iri ɗaya da ta jikinta, zai biya miliyan bakwai. Idan babu, ko kyauta ba ya so. Mutumin ba ya ɗaga kira, sai rubutu, kuma wannan ya ƙara masa kwarjini a idon Sabitu. Manya ai ba su da lokacin surutu.

Wata guda ya yi yana bin gidajen tsofaffin soja, daga bayan bariki har Yelwa. Ya samu sakata uku, babu mai lambar. Har ramewa ya yi, matarsa Sauda ta fara tambaya ko ulsa ce ta tashi.

Sai ga wata dattijuwa, Liatu, ta kawo tsofaffin tukwane a auna. Yana ɗora su a sikeli ta nuna sakatun da ke kan teburinsa, ta ce ita ma tana da irin wannan, da shi take rufe ɗakin akuyoyinta. Sabitu ya yi hamma, ya ce zai biyo wata rana in ya samu sarari. Kafin la'asar yana ƙofar gidanta.

Ga ta nan kuwa a jikin ƙyauren langa-langa, an ɗaure da waya. Ya goge da bakin rigarsa. 4471. Ita ce, amma bakinsa ya san aikinsa, ya taɓe shi ya ce ƙarfen banza ne, zai dai taimaka ya ba ta dubu biyu.

Liatu ta ce ba na sayarwa ba ne, akuyoyinta sun saba da shi. Ya ce dubu goma, ta yi dariya. Washegari ya dawo da sabon kwaɗo da dubu hamsin, ta ce abin mahaifinta ne. A kwana na huɗu ya ambaci dubu ɗari biyar, ta dube shi da mamaki.

"Malam, ba kai ka ce ƙarfen banza ba ne?"

Ya ce shi mutum ne mai tausayin tsofaffi. A daidai ranar Elisha ya rubuto cewa ya ga wata bindigar a Jos, sati ɗaya kawai zai jira. Sabitu ya rasa inda zai sa kansa. A miliyan biyu Liatu ta sallama, tana cewa Allah ya sani ba da son ranta ba.

Abin da Sabitu ya mallaka a duniya fili ne a hanyar Gubi, inda ya yi wa Sauda alkawarin gina musu gida su huta da haya. Ya sayar da shi da gaggawa, a wulaƙance, bai gaya mata ba. Yo me zai gaya mata, mutumin da zai saya mata fili uku nan da Juma'a?

Sakatar ta shige jikin bindigar lif, kamar ba su taɓa rabuwa ba. Ya ɗauki hoto ya tura. Shiru. Ya sake turawa, ya haɗa da gaisuwa. Kwana uku ba amsa. Ya nuna wa sauran masu sayensa, suka yaba ƙwarai, wanda ya fi kowa hannu ya taya dubu ɗari uku.

Ranar Juma'a ya koma gidan Liatu, ko za ta karɓi kayanta ta mayar masa ko da rabi. Ta shigar da shi falo, ta kawo masa ruwa mai sanyi, ta zauna tana saurarensa cikin natsuwa. Ya rantse mata mai sayen mutumin kirki ne, tafiya ce kawai ta kama shi. Don ta gani da idonta, ya danna kiran Elisha.

Waya ta fara ƙara a cikin jakar da ke kan cinyarta. Ba ta taɓa ta ba.

"Ranar da na kawo maka bindigar, Baba yana kwance a asibiti," ta ce. "Dubu ukun ko kuɗin allura ba su kai ba."

A karo na farko cikin shekara ashirin Sabitu ya ɗaga kai ya dubi fuskar mai kaya. A bangon da ke bayanta akwai hoton wani matashin soja rungume da doguwar bindiga, a ƙasa an rubuta: Kofur Elisha Mika'ilu, Bama, 1944.