Inda Alfakan Ke Tsayawa

Yau ma alfakan, dabbobin nan masu dogon wuya da ake kiwo don gashinsu, sun ƙi cin ciyawa. Suka ja Teodosia har bayan shingen Saturnino, suka kewaye wani tulin duwatsu suna wani nishi mai kama da kuka.

Saturnino yayan mijinta Eusebio ne. Shi ya koro mata su bayan damina, ya ce, "Na Eusebio ne, ƙanwata. Tunda ya tafi haƙar zinariya ya manta da ke, ki fara kiwo, ki riƙa kai gashinsu garin Puno kina sayarwa, ki rufa wa kanki asiri."

Har da hawaye ta yi masa godiya.

Amma kullum wajen tulin duwatsun nan suke zuwa. Ta jefe su, ta ja babbar da igiya, ko gezau. Ta durƙusa ta ɗaga dutse ɗaya, ta ɗaga na biyu. Sai ga gefen jan bargo, saƙar hannunta, wanda Eusebio ya yafa ranar da yayansa ya raka shi tasha.

Alfakan suka yi tsit, suka juya dogayen wuyansu.

"Ƙanwata," in ji Saturnino a bayanta, a hankali. "Da na sani, da yanka su na yi."