Kwaɗayin Tsamiya

Idan manyan mata suna so su nuna yadda ake riƙe mutuncin gida, sukan kawo misalin wata amarya da ta tare a gidan iyayen mijinta gab da Babbar Sallah. Surukinta dattijo ne mai kamun kai, shi ke jan sallah a ɗan masallacin ƙofar gida. Tsakaninsu akwai kunyar nan ta surukuta: ba ta kama sunansa, ba ta kallon fuskarsa, in ta kai masa abinci durƙusawa take yi ta ajiye ta juya. Amma ita ke cika masa buta, ita ke share masa zaure, ga ta kuma mai ƙarancin magana, ba abin da ke wuce idonta. Bayan layya gidan ya koma cin soyayyen nama, safe nama, rana nama, dattijo kuwa haƙora sun ragu, haɗiyarsa ta fi taunarsa yawa. Ba a jima ba ta fara lura. Zai ɗauki buta ya kewaya, ya daɗe, ya fito yana share gumi, in ta je ɗauko butar sai ta same ta a cike yadda ta ajiye. Tuwonsa yana dawowa an ɗan gutsiri gefe kawai. In ya sunkuya ruku'u tana jiyo nishinsa ta bayan katanga. Ciki ya ɗaure, bai kuwa gaya wa kowa ba. Sai wata safiya tana shara ta ɗaga buzunsa, ta ga ƙullin filasko. Ta san ganyen nan tun a gidansu. Yana buɗe ciki kam, amma ba ya sallama kafin ya shigo. Ya taɓa murɗa kakanta a tsakiyar kasuwa, tsoho ya dawo gida yana kare bayan rigarsa da hannu, har ya bar duniya mutanen gari ba su manta ba. Ta hango wannan dattijon a gaban sahu, jama'a a bayansa, abin ya taso masa. In ta ɗauke ƙullin, ya san mai share masa zaure. In ta gaya wa mijinta, miji zai gaya wa uwarsa, kafin la'asar dattijo ya ji cewa matar ɗansa ce ke lura da shigarsa bayan gida, wannan kuwa ya fi masa ciwon zafi.

Sai ta je gaban uwar mijinta, kai a ƙasa, ta ce, "Inna, ni dai naman nan ya ginshe ni. Tsami raina ke so, da miyar yauƙi." Tsohuwa ta dube ta sama da ƙasa ta yi murmushi. Ƙanwar miji kuwa ta rangaɗa guɗa: "Matar yaya, tun yanzu? Ashe shiru-shirun nan ba na banza ba ne!" Nan take amarya ta gane abin da suka ɗauka, ta ja gyale ta rufe fuska, ba ta gyara musu ba. Daga ranar aka sakar mata tukunya, don ba a hana mai kwaɗayi abin da take so. Ta jiƙa tsamiya ta kwana, da safe ta dama kunu da ruwanta. Da rana kwaɗon zogale, da yamma miyar kuɓewa ɗanya ko ta karkashi, an ɗiga man shanu. Ta yanka gwanda nunanniya ta raba ɗaki-ɗaki, ta fi cika kwanon zaure. Tun da tukunya ɗaya ce, abin da kowa ya ci shi dattijo ya ci, ba wanda ya ce masa ga magani. Kusa da kwanonsa kullum akwai ƙwaryar ruwan ɗumi. Abin bai zo da garaje ba, a hankali ciki ya yi laushi ya saki. Wata safiya ta ɗauko butar ta ji ta wayam, da rana kwanon tuwo ya dawo an suɗe, ƙullin filasko kuma ta gan shi a juji ko kwance shi ba a yi ba.

Da wata ya zagayo aka ga tana fashin sallah, sai murna ta koma tsiya. Ƙanwar miji ta laƙaba mata "mai cikin tsamiya", uwar miji ta yi ta ajiyar zuciya, mijin ma ya kwana biyu ba walwala. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta, ta haɗiye abarta. Ana cikin haka ranar kasuwa dattijo ya shigo har ƙofar madafa, inda bai saba takawa ba, ya ajiye curin tsamiya da gwanda biyu. Bango yake kallo ya ce, "A rabu da 'yar mutane haka nan. Ta dafa abin da ranta ke so, Allah ya yi mata albarka." Ita ma ƙasa take kallo ta ce amin. Bai ƙara ba, ba ta ƙara ba, kuma har suka rabu a duniya maganar ba ta fito daga bakin ɗayansu ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.