Damben Masu Son Zaman Lafiya

Mannir, shugaban matasan Tambuwal, ya shaƙe wuyan rigar Shafi'u, shugaban matasan Kebbe, a tsakiyar ɗakin taro.

"Mu za a ba tallafin ga na zaman lafiya!"

"Ƙarya kaka yi! Mu 'yan Kebbe mun ɗara ku haƙuri!" Shafi'u ya kai masa naushi.

Sai da suka kai ƙasa suka lura Hajiya Ni'imatu, wakiliyar masu ba da tallafin, tana tsaye bakin ƙofa. Kunya ta kama su. Suka miƙe, suka rungumi juna don rufin asiri.

Hajiya ta hau tafi.

"Kai, wannan wasan kwaikwayo ya yi! Tallafin naku ne ku biyu. Gobe ku maimaita shi a Jabo, jibi a Fakku. Amma ku ƙara ƙwazo, faɗan bai yi kama da na gaske ba."