Faifan Da Ya Tsira Daga Wuta

"Kai, tsohon banza! Yau kai ne mai karrama mu?"

Na fizge makirufo daga hannunsa a gaban jama'ar da ta cika zauren taro a birnin Kasablanka.

Shekara arba'in ke nan da jami'in nan ya ƙone faya-fayenmu na kiɗan rok a bakin titi, ya karya min yatsu biyu. Faifai ɗaya tak ya tsira, aka yi ta kwafa, har kowane mai jita a ƙasar nan ya koyi kiɗa da shi.

"Wanda ya ɓoye faifan nan shi ne gwarzo, ba kai ba!"

Ya zaro faifan daga jallabiyarsa, duk ya koɗe don saurare.

"Sidi, ai ni ne."

Na ɗaga masa hannuna.

"To, yatsuna fa? Su ma ka adana min?"